Ranar Da Kotun Ƙolin Amurka Ta Ce Ba Huruminta Ba Ne

Mai karatu, akwai wata kalmar Latin da lauyoyi ke yawan ambata, wato mandamus, ma'anarta "mun umarta". Takarda ce da kotu ke aika wa jami'in gwamnati ko ƙaramar kotu, ta tilasta musu yin aikin da doka ta ɗora musu suka ƙi yi. Daga kotunan Ingila ta samo asali. Abin tambaya shi ne, ko kowace kotu ce ke da ikon bayar da ita a duk lokacin da ta ga dama? Labarin William Marbury ya isa amsa.

A zaɓen 1800 Shugaba John Adams ya sha kaye a hannun Thomas Jefferson. Ana saura 'yan kwanaki ya sauka, sai ya naɗa mutum 42 a matsayin ƙananan alƙalai a yankin babban birnin ƙasar, cikinsu har da Marbury. An sa hannu a takardun, sakataren harkokin waje John Marshall ya buga musu hatimi, amma ba a gama raba su ba har aka rantsar da Jefferson ranar 4 ga Maris, 1801. Sabuwar gwamnati ta hana a miƙa sauran. Marbury dai ta leƙo ta koma.

A watan Disambar shekarar ya tafi Kotun Ƙoli kai tsaye, yana neman ta tilasta wa sabon sakatare James Madison ya ba shi takardarsa. Ya dogara ne da sashe na 13 na dokar kotuna ta 1789. Babban alƙalin da zai saurari ƙarar kuwa ba kowa ba ne illa Marshall ɗin nan da ya buga hatimin.

Nan fa Marshall ya shiga tsaka mai wuya, gaba kura baya sayaki. In ya ba da umarnin, Jefferson na iya yin biris da shi, kotu ta ji kunya. In ya ƙi, a ce tsoro ya ji.

Ranar 24 ga Fabrairu, 1803 aka yanke hukunci. Marshall ya ce Marbury na da haƙƙi a kan takardarsa, hana shi ita ya saɓa wa doka, kuma mandamus ne maganin da ya dace. Sai dai ya yi ɓatan kai wajen zaɓen kotu. Tsarin mulki ya ƙayyade ƙararrakin da ake farawa a Kotun Ƙoli, wato waɗanda suka shafi jakadu da makamantansu, da waɗanda wata jiha ke ciki. Duk sauran sai ta hanyar ɗaukaka ƙara. Umartar jami'i kai tsaye fara shari'a ne, ba duba hukuncin wata kotu ba. Saboda haka sashen da ya ba kotun wannan iko ya ci karo da tsarin mulki, kuma bai da wani tasiri.

Dubi abin da ya faru. Kotu ta ƙi karɓar ƙaramin iko, ta tabbatar wa kanta babba: ikon soke dokar majalisa. Jefferson bai samu umarnin da zai bijire wa ba, tunda ɓangarensa ne ya yi nasara a zahiri.

A 1838 aka ga ƙofar da ta dace. Wata kotun ƙasa a babban birnin ta umarci shugaban gidan waya Amos Kendall ya cika wa wasu 'yan kwangilar jigilar wasiƙu haƙƙinsu, aka ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar da umarnin.

Shi kuwa Marbury, wanda kotu mafi girma a ƙasarsa ta ce shi ke da gaskiya, har ya bar duniya bai zauna a kujerar alƙalancin nan ba.