So da Kunya a Birnin Zazzau: Waiwaye a Kan Auren Fari

An daɗe ana ɗauka cewa soyayya baƙuwa ce a ƙasar Hausa, wai finafinan Indiya da littattafan Kano na shekarun 1980 su suka kawo ta. A ganina wannan kuskure ne. Harshen da ya bambanta so da ƙauna da bege da kishi ba zai rasa abin da waɗannan kalmomi suke nufi ba. Ko a 1992, da Jankowiak da Fischer suka duba al'ummomi 166, sun sami shaidar soyayya a 147 daga cikinsu. Abin da ya kamata manazarci ya bincika shi ne inda al'ada ta ajiye son, da lokacin da ta yarda ya fito fili.

A cikin ganuwar Zariya, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, tsarin gida kansa yana nuna wannan. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Amma yarinya kafin aure tana talla, tana gaɗa a dandali, tana karɓar toshi, a nan ne zuciya take fara zaɓe. Sai dai zaɓen nata ba shi ne hukunci ba, domin a mazhabar Malikiyya uba yana da ikon aurar da budurwa, ga kuma auren zumunta da na sadaka. Bazawara kuwa ba a ɗaura mata aure sai da yardarta. Wato ke nan shari'a da al'ada jinkirta so suke yi zuwa aure na biyu.

Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka a Giwa tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya tabbatar da haka. Gaskiya ne Baba ba 'yar birni ba ce, amma dokar da ta hau kanta ita ce ta hau kan 'yan matan birni. Ta auri ɗan'uwanta Duma don biyayya ga mahaifinta, alhali Malam Maigari ma ya nemi aurenta. Bayan 'yan shekaru ta fita, ta yi idda, ta auri Maigarin. Abin lura shi ne yadda ta ba da labarin ba kuka ba zargi. Wanda bai san kunya ba zai ce zuciyar tata ce ta bushe, alhali matar da ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari an horar da ita ne tun tana ƙarama ta ɓoye abin da ya fi kusa da ranta.

Ta fuskar namiji lamarin ya sha bamban. A Jiki Magayi, wanda John Tafida da R. M. East suka rubuta aka buga a Zariya a tsakiyar shekarun 1930, Abubakar ya rasa Zainab domin Malam Shehu ya fi shi dukiya. Bai jira zawarcinta ba. Ya shiga duniya neman asirin ramuwa, sharrin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da ta haifa. Na sha jin ɗalibai suna kiran littafin labarin soyayya. Ni dai ina ganin soyayyar ta ƙare tun a farkonsa, abin da ya ja sauran labarin shi ne zafin wulaƙancin da mai kuɗi ya yi wa saurayi a idon jama'a.