Ganimar Sama: Abin da Jiragen Japan da Aka Kama Suka Koya wa Abokan Gabansu

A filin sukuwa na Nassarawa jirgin sama ya fara taɓa ƙasar Kano. Ranar 1 ga Nuwamban 1925 ne jirage uku ƙirar DH.9A na rundunar saman Birtaniya suka sauka a wurin, bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Shekara 15 bayan haka sai hanyar ta juya. Daga Satumban 1940 aka riƙa sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a Takoradi, a haɗa su a can, su taso ta Legas, su kwana ko su sha mai a Kano, su wuce Maiduguri da Fort Lamy da Hartum har Alƙahira. Kafin ƙarshen 1943 fiye da jirage 5,000 sun bi wannan hanya. Amurkawa ma sun bi ta da nasu jiragen, wasu har Indiya da Sin, inda ake gwabzawa da Japan. Samarin Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau kuwa, ta ruwa aka kai su wannan fage, suka tsinci kansu a dazuzzukan Bama.

Tsakanin waɗannan jirage da waɗannan samari akwai wani aiki da ba a cika ba da labarinsa ba, wato tsince jiragen Japan da suka faɗi, a gyara su, a tashe su, a auna ƙarfinsu da rauninsu. An yi wannan aiki a San Diego da Brisbane da Kalkata. Masu sha'awar labarin yaƙi sun fi son su taƙaita shi a kan jirgi guda da aka tsinta a Alaska, wanda ake cewa shi ya juya akalar yaƙin Fasifik. Wannan zance ya yi wa jirgin nan kwalliyar da ta fi ƙarfinsa, ya kuma danne haƙƙin aikin da ya fi shi amfani.

Kafin a zo kan ganima sai an fara da raini. Jirgin Mitsubishi A6M, wanda injiniya Jiro Horikoshi ya jagoranci zana shi, ya shiga aiki a 1940, shekara ta 2600 a ƙidayar sarautar Japan, kuma daga sifilin ƙarshen nan ya sami sunan Zero. A Satumban shekarar ya yi wa jiragen Sin kaca-kaca a sararin Chongqing. Claire Chennault, Ba'amurken da ke ba gwamnatin Sin shawara kan yaƙin sama, ya aika rahoto gida yana gargaɗi, amma ba wanda ya saurare shi da kunnen basira. Manyan hafsoshi da dama a Washington da Landan sun riga sun yanke hukunci cewa Bajapane ɗan kwaikwayo ne, ba zai ƙera jirgin da ya fi na Bature ba. Raina kama ka ga gayya: daga Disamban 1941, a Pearl Harbor da Filifin da Malaya, sai rainin ya rikiɗe ya zama tsoro, har matuƙa suka riƙa ɗaukar Zero tamkar abin da harsashi ba ya ci. Da rainin da tsoron duk jahilci ne ya haife su, domin babu wanda ya taɓa zama a kujerar jirgin ya ji yadda yake.

Ranar 4 ga Yunin 1942 wani matuƙi ɗan shekara 19 mai suna Tadayoshi Koga ya taso daga jirgin ruwan Ryujo don kai hari Dutch Harbor da ke Alaska. Harsashi daga ƙasa ya huda masa bututun baƙin mai, injin ya fara tsiyaya. Ya nufi tsibirin Akutan, ya hango shimfiɗaɗɗen fili mai ciyawa, ya sauke tayoyi. Ashe fadama ce. Tayoyin suka cafke a laka, jirgin ya kife, wuyan yaron ya karye nan take. Abokan tafiyarsa biyu suna da umarnin su ƙone duk jirgin da ya faɗi a yankin abokan gaba, amma suka kasa buɗe wuta don suna zaton yana da rai a ciki. Jirgin ya kwana sama da wata guda a kife, har ranar 10 ga Yuli da wani jirgin sintirin Amurka ya hango shi. Da ƙyar aka zaro shi daga laka, aka kai shi sansanin North Island a San Diego, aka gyara, aka shafa masa tauraron Amurka.

Eddie Sanders, hafsan sojan ruwa, shi ya fara tashi da shi ranar 20 ga Satumba, kuma ya yi sawu 24 kafin tsakiyar Oktoba. Abin da ya gano ba shi da yawa, amma kowanne na iya raba matuƙi da ajalinsa. Idan gudun Zero ya haura kimanin kilomita 370 a awa, sandar tuƙi na yin tauri, juyi ya yi wuya. Ya fi saurin mirginawa hagu fiye da dama. Idan aka dunguro da hancinsa ƙasa kwatsam, kafireto ya kan yanke mai, injin ya yi tari. Daga nan aka fitar da shawara mai sauƙin riƙewa: in Zero ya biyo bayanka, kada ka yi gasar zagaye da shi, ka sulmiyo ƙasa da gudu, sannan ka karya dama da ƙarfi. Kanikawa kuma suka ga sirrin rashin nauyinsa da idonsu, wato babu sulke a bayan matuƙi, tankin mai ba shi da robar da ke toshe hudar harsashi. Horikoshi ya sadaukar da kariya ne don ya sami nisa da saurin juyi daga injin da bai kai ƙarfin doki 1,000 ba.

Wannan riba ce ta gaske, kuma hafsan Japan Masatake Okumiya daga baya ya ɗauki asarar jirgin a matsayin babban bala'i ga ƙasarsa. Amma kwanakin wata ba su goyi bayan almarar da aka gina a kai ba. Ana yawan cewa daga jirgin Koga aka zana Hellcat, jirgin Amurka da ya zama dodon Zero. Samfurin farko na Hellcat ya tashi ranar 26 ga Yunin 1942, lokacin jirgin Koga na kife a fadama ba wanda ya san da shi. Samfuri na biyu mai babban inji ya tashi ranar 30 ga Yuli, kusan wata biyu kafin Sanders ya hau Zero. Dabarar saƙa da matuƙin Amurka John Thach ya ƙirƙiro, inda jirage biyu ke ratsa juna don kowanne ya kare bayan ɗan'uwansa, an riga an gwada ta a yaƙin Midway. Chennault ma tun a Sin yake hana yaransa zagaye da jiragen Japan. Abin da gwajin ya yi shi ne ya mayar da zato da labarin baki zuwa lissafi a takarda, wanda za a iya koya wa dubban sababbin matuƙa da ba su taɓa ganin abokin gaba ba.

Kuma ba shi ne Zero na farko da ya shiga hannu lafiya ba. A Nuwamban 1941 Sinawa sun kama wani a gaɓar kudancin ƙasarsu, wani bakanike Bajamushe ɗan gudun hijira, Gerhard Neumann, ya tayar da shi. Nisa da wahalar hanya suka hana shi isa Amurka da wuri.

Aikin da ya fi muhimmanci a Ostireliya aka kafa shi. A ƙarshen 1942 aka buɗe sashen leƙen asirin fasahar jiragen sama, wanda aka fi sani da TAIU, a rumfar jirage mai lamba 7 ta filin Eagle Farm a Brisbane. Shugabansa Frank McCoy, mutumin Tennessee, shi ne ya warware wata matsala da ke kama da wasa amma tana cin rayuka. Sunayen jiragen Japan na rikita sojoji, don rundunar ƙasa da ta ruwa kowace da nata tsarin. Sai McCoy da abokan aikinsa suka raɗa musu sunaye gajeru, na maza ga jiragen farauta, na mata ga masu jefa bam. Zero ya zama Zeke, aka sami Nate da Rufe da Oscar da Betty, wani ma aka sa masa Frank. Akwai wanda aka kira Hap, laƙabin Janar Arnold, shugaban sojan saman Amurka. Bai ji daɗin karramawar ba, aka mayar da shi Hamp.

Hamp ɗin nan ne Eagle Farm ta fara tayarwa. Daga tarkacen jirage da dama da aka kwaso a Buna ta Niyu Gini aka haɗa guda ɗaya, kamar yadda bakaniken Ƙofar Ruwa ke fitar da mota mai tafiya daga gawar motoci uku, sai dai su ba su da littafin ƙera ko kantin kayan gyara. Ya tashi a Yulin 1943, aka kuma gwada shi da jirgin Birtaniya Spitfire. Sakamakon bai yi wa masu alfahari da Spitfire daɗi ba, domin a ƙasa-ƙasa da kuma wajen juyi Hamp ya fi shi. Matuƙan Spitfire da suka yi suna a Turai da hamadar Afirka ta Arewa sun riga sun ɗanɗana haka a sararin Darwin ta Ostireliya a wannan shekara.

Yawancin aikin sashen ko tashi babu a cikinsa. 'Yan ƙananan tawagogi ne ke bin sawun sojan ƙasa cikin daji da sauro, su isa ga jirgin da ya faɗi, su kwance 'yan farantan ƙarfen da masana'anta ke mannawa jikin inji da farfela da tayoyi. A jikin farantin akwai lamba da sunan kamfani, wani lokaci har da watan ƙera. Idan aka tara ɗaruruwansu, masu lissafi na iya ƙiyasta jirage nawa Japan ke fitarwa a wata da kuma masana'antun da suka kamata a kai wa hari. Babban abokin gabar waɗannan tawagogi sojojinsu ne na gida, masu yanke guntun fiffike ko ɓalle faranti don tsarabar yaƙi kafin masana su iso.

A ɓangaren Bama, Birtaniya da Amurka sun kafa irin wannan sashe a Kalkata a ƙarshen 1943, kuma nan ne labarin ya taɓa mazan jiya na ƙasar Hausa. Jirgin da ya addabi sararin Bama ba Zero ba ne, ko da yake matuƙa da dama haka suke kiransa. Nakajima Ki-43 ne, wato Oscar, na rundunar ƙasa, wanda ya fi Zero saurin juyi amma bindigoginsa biyu ne kacal. Bambance su kaɗai ilimi ne. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda bataliyoyin Nijeriya ke cikinta kuma Hausa ce ke haɗa da yawan sojojinta, ta shiga kwarin Kaladan a farkon 1944 ba tare da hanyar mota da za a dogara da ita ba. Abincinta da harsashinta daga sama jiragen Dakota ke jefo su da laima, 'yan dako su ɗauka a ka su ratsa tsaunuka. Birged ta 3 mai bataliyoyin Nijeriya uku ta yi yaƙi tare da dakarun Birtaniya da ake kira Chindit a bayan layin Japanawa, ita ma da abin da aka jefo mata take rayuwa. Dakota kuwa jirgin kaya ne mai nauyin jiki, ba shi da bindiga. In Oscar ya same shi, magana ta ƙare.

Abin da ya ba Dakota damar shawagi shi ne isowar jiragen Spitfire a ƙarshen 1943, da kuma matuƙan da zuwa lokacin suka daina gasar zagaye, suka koma far wa Oscar daga sama su wuce da gudu. Ba za a ce rahoton gwaji kaɗai ya koya musu ba, don jinin 'yan'uwansu ya riga ya koya musu rabin darasin. Haka nan ƙarfin masana'antun Amurka, da ƙarancin mai a Japan, da mutuwar ƙwararrun matuƙanta, duk sun fi kowane rahoto nauyi a ma'auni. Gwajin ganima ma yakan yaudari mai shi: jiragen da aka kama a filin Clark na Filifin a 1945, da aka zuba musu man Amurka mai kyau kuma aka kula da injinansu, sun nuna ƙarfin da ba lallai ne matuƙin Japan ya samu a fagen daga ba. Duk da haka, sojan da ya shiga Myohaung a Janairun 1945, garin da barikin Yaba ta Legas ke ɗauke da sunansa, ya ci moriyar aikin mutanen da bai taɓa jin labarinsu ba.

Jirgin Koga bai ga ƙarshen yaƙin ba. A Fabrairun 1945 wani jirgin Amurka ya ƙwace wa matuƙinsa a filin San Diego, ya daddatse shi da farfela. Wani Zero da aka kama a Saipan a Yunin 1944, wanda matuƙin Amurka Charles Lindbergh na cikin waɗanda suka gwada shi, yana gidan tarihin Planes of Fame a Chino ta Kalifoniya da injinsa na asali. Sashen Kalkata kuwa ya koma Tebrau a Malaya bayan Japan ta miƙa wuya, inda matuƙan Japan da kansu suka riƙa tashi da jiragensu ƙarƙashin idon hafsoshin Birtaniya.

Tarihin yaƙin Bama da ake bayarwa a ƙasar Hausa kusan duk na ƙasa ne: daji, ruwan sama, adda, dako. Ɗaliban tarihi a Jami'ar Bayero da masu bincike a Arewa House su haɗa shi da rahotannin yaƙin sama na 1943 zuwa 1945, domin rundunar da ake ciyarwa da laima ba za a fahimci nasararta ko wahalarta ba sai an san wanda ke riƙe da sararin Kaladan a kowane wata.