Daga Burtali zuwa Gadar Sama: Yadda Mai Ƙafa Ya Rasa Hanya a Legas

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya bi titin Wharf a Apapa ya san abin da zan faɗa. Tireloli sun jeru hanci da wutsiya, tankokin mai sun cike abin da ya rage. Ɗan tsakanin da suka bari, wanda bai fi kamu biyu ba, nan jama'a ke kurɗawa: ɗan dako da buhu a ka, mai shayi da butarsa, mai gyaran takalmi yana ƙwanƙwasa akwatinsa, ma'aikaciya ta tattare bakin zanenta saboda taɓo. In an kwana ana ruwa, kwata ta cika ta haɗe da kwalta, sai mutum ya laluba ƙasa da ɗan yatsan ƙafa kafin ya taka. Da yawa daga masu wannan kurɗe-kurɗe mutanenmu ne, 'yan Arewa da 'yan Nijar, waɗanda abincinsu gaba ɗaya a tafin ƙafarsu yake.

Abin da ke damuna shi ne, ƙafa ce ta fara fitar da hanyar garin nan, kuma mai ƙafa ne aka tuna da shi a ƙarshe.

Kakanninmu a ƙasa suka zo Ikko, wato Legas. Fatake ne, da madugu a gaba da jakuna a baya, irin waɗanda suka saba zuwa Gwanja sayen goro. Da jiragen ruwa suka fara sauke goron can a gaɓar Ikko a ƙarshen ƙarni na 19, sai ayari ya karkato nan. Masu shanu su ma korowa suke yi ta burtali, wata da watanni, suna yada zango inda dare ya yi musu. Tun 1863 ma akwai Hausawa a garin cikin rundunar da Baturen nan Glover ya kafa. Da manoman Agege suka dasa goro a gonakinsu, 'yan kasuwarmu suka zauna kusa da su, unguwar ta ci sunan da ya dace da ita, Zango.

Jirgin ƙasa ne ya fara raba Bahaushe da wannan doguwar tafiya. An fara shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, kuma ta Agege ya ratsa. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Amma cikin gari bai sauya ba. Gadar Carter da aka buɗe a 1901 jama'a ne ke cika ta da ƙafa safe da yamma. Da aka kammala gina matsayar manyan jiragen ruwa ta farko a Apapa a 1926, leburorin da ke sauke kaya su loda gyaɗar Kano a sayyada suke zuwa aiki, wasu su haɗa da kwalekwale.

Daga nan zamanin keke ya shigo, kuma a nan ne za a iya cewa hukuma ta fara sa hannu a harkar, ta hanya biyu: tana karɓa, tana bayarwa. Akwai lasin keke, ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a jikinsa shaidar an biya kuɗin shekara. Akwai kuma bashin keke da alawus ɗinsa ga ƙananan ma'aikata, masinja da malamin asibiti da ɗan sanda, a riƙa cirewa a albashi kaɗan-kaɗan. Ba a gina wa keke hanya ta daban ba, domin babu bukata. Motocin ba su da yawa, titin na kowa ne.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da Rali baƙi, mai kariya a baya da fitilar da ke kamawa in taya na juyawa. Ranar Juma'a da safe yakan kifa shi a tsakar gida, ya ɗiga wa kaca baƙin mai, ya goge waya ɗaya bayan ɗaya da tsumma. A kansa yake ɗaura huhun goro ya kai tasha. Ya sha gaya mana cewa a ƙuruciyarsa yana hawa daga Agege har Ebute Metta ya dawo, abin da kawai yake tsoro shi ne ƙusa. A yau in ɗana ya ce zai yi wannan tafiyar a keke, ba zan bar shi ya fita ƙofar gida ba.

Abin da ya shiga tsakanin zamanin mahaifina da nawa shi ne kuɗin mai. A 1974 aka yi ƙarin albashin Udoji, ma'aikaci ya jingine keke ya sayi babur, mai babur ya sayi mota. Keke ya zama alamar wanda duniya ba ta yi da shi ba. Gwamnatin tarayya, da yake Legas ce hedikwata a lokacin, ta zuba dukiya a kankare: gadar Eko, babban titin Apapa zuwa Oshodi, tashar jiragen ruwa ta Tin Can da aka buɗe a 1977, sannan Babbar Gada ta Uku mai tsawon kilomita 11.8 da aka kammala a 1990. Ayyuka ne manya, ba mai musun amfaninsu. Sai dai an zana su ne da idon direba. Titi mai layi shida ya ratsa tsakiyar unguwa, ya raba gida da kasuwa, ya raba yaro da makarantarsa, aka bar wa mai ƙafa zaɓi biyu: ya tsallaka da gudu, ko ya yi doguwar tafiya neman gadar sama in akwai ta.

Kuma motar ba ta warware matsalar ba. Tun 1977 gosulo ya kai inda aka kafa dokar lambar mota, masu lamba mara su fito yau, masu cika su fito gobe. Masu hali suka sayi mota ta biyu. Jirgin cikin gari da Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikinsa a 1983 gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Talaka ya koma hannun molue da danfo, daga baya acaɓa ta cike giɓin, bayan tsuke bakin aljihun da aka shiga daga 1986.

Wanda ya fito fili a manyan gwamnati ya ce a koma wa keke shi ne Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo. A 2001 ya riƙa hawa keke zuwa taron majalisar ministoci a Abuja, har wata rana mota ta ture shi ya faɗa rami. Jama'a suka yi ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Faɗuwar tasa ta nuna ainihin inda gizo ke saƙa: ba a ce wa mutum hau keke alhali ba a ba shi inda zai bi ba. Bayan shekaru hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ɗauki maganar, tana shirya gangamin hawan keke, musamman tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke a 2018. Gangami kuwa na yini ɗaya ne, da rakiyar jami'ai gaba da baya. Washegari titi ya koma hannun masu shi.

A Legas, sauyin gaske ya fara ne da kafa hukumar sufuri ta LAMATA a 2002, lokacin Gwamna Bola Tinubu, da bashin dala miliyan 100 daga Bankin Duniya. Ita ta kawo motocin BRT a watan Maris na 2008, zamanin Babatunde Fashola, daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22. A nan masu tsara sufuri suka ci karo da abin da kowace mai tallan abinci ta sani: fasinja ba daga sama yake faɗowa cikin mota ba. Da ƙafa yake zuwa tasha, da ƙafa yake barinta. Saboda haka aka fara gina gadojin tsallakawa da ɗan dakalin tafiya a kewayen tashoshi. Mai ƙafa ya shiga kasafin kuɗi, amma a matsayin fasinjan gobe, ba don ƙafarsa ba.

Sai a 2018 jihar ta fito da rubutacciyar manufa a kan sufurin da ba na inji ba, wato tafiya a ƙasa da hawan keke. LAMATA ce ta jagoranta, da taimakon hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar ITDP. Abin da ke ciki ba wanda zai ƙi shi: duk titin da za a gina a yi masa gefen tafiya mai faɗi wanda ba a tare ba, a yi wuraren tsallakawa masu aminci, a ware wa keke layinsa, a tuna da yaro da tsoho da mai keken guragu. Karon farko ke nan da takardar gwamnati ta sa mai ƙafa a gaban mai mota.

To amma a watan Janairu na wannan shekarar dai gwamnatin jihar ta haramta aikin masu tura kura da baro, a kan dalilin zubar da shara barkatai. Wane ne ya fi mai baro zama sufurin da ba na inji ba? Ɗan ga-ruwa da ke tura jarka goma zuwa gidan da famfo bai kai ba, da yaron da ke kwaso kayan miya daga mota zuwa rumfa a Mile 12, su ne ainihin mutanen da manufar ke magana a kansu, ko da waɗanda suka rubuta ta ɗan kwat da hular kwano suke hangowa.

Maganar acaɓa ta ƙara fito da wannan giɓi. Dokar hanya ta 2012 ta hana babur bin tituna 475. A Fabrairun 2020 aka hana acaɓa da Keke Marwa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Apapa, sannan a 1 ga Yunin 2022 aka sake jaddada hanin acaɓa da ƙarfi, aka riƙa murƙushe baburan da aka kama. Dalilan hukuma ba na banza ba ne. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san wanda babur ya karya, ko wanda aka fizge wa jaka. Kuma mun san yawancin masu sana'ar yaranmu ne, wasu rikicin Arewa maso Gabas ya koro su, wasu hanin da Kano ta yi a Janairun 2013. Abin da nake kallo shi ne ranar da hanin 2020 ya fara aiki. A Apapa, inda gosulon tireloli ya sa babur ne kaɗai ke iya ratsawa, dubban mutane suka wayi gari suna takawa daga Ijora, daga Boundary, daga titin Liverpool, a kan titin da ba a tanadar musu ko taku ɗaya ba.

Me ya sa takardar 2018 ba ta sauka ƙasa a irin waɗannan wurare ba? Wani ɓangare na amsar yana ga tambayar wane ne mai titin. Manyan hanyoyin tashar jiragen ruwa na gwamnatin tarayya ne. Wasu na jiha ne. Lungunan unguwa, inda aka fi tafiya a ƙasa, na ƙaramar hukuma ne, wadda ita ce mafi ƙarancin kuɗi. Da aka tashi gyaran titin Wharf a 2017, kamfanin Dangote da Flour Mills da hukumar tashoshin jiragen ruwa ne suka haɗa kimanin naira biliyan 4.3 aka zuba kankare a kilomita biyu. Wanda ya biya kuɗi kayansa yake so su fita, ba laifinsa ba ne. Mai ƙafa ba shi da kamfani, ba shi da ƙungiya irin ta direbobi, ba ya biyan kuɗin tasha. Ba wanda ke zama a teburin a madadinsa.

Wasu biranen sun gane cewa manufa sai da kaso. Nairobi, a tata manufar ta 2015, ta rubuta cewa kashi 20 cikin 100 na kuɗin gina hanyoyi a kashe su kan masu ƙafa da keke. Wanda ya je Wagadugu kuma ya ga manyan tituna da aka ware wa masu taya biyu nasu gefe, mata da yara suna tafiyarsu hankali kwance. Burkina Faso ba ta kama ƙafar jihar Legas a arziki ba.

Ba zan ce ba a yi komai a Agege ba. Gadar Pen Cinema, mai tsawon kilomita 1.4, da aka buɗe a Maris na 2021, ta ɗauke motoci daga kan mahaɗar dogo inda a da ake kwana a gosulo. Layin BRT na Oshodi zuwa Abule Egba, tun 2020, ya zo da gadojin tsallakawa. Jan layin jirgin ƙasa da aka ƙaddamar a 29 ga Fabrairun 2024 yana tsayawa a Agege. Amma gadar sama tsani ne mai tsawo, kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko mai tura kura, ko mai keke da buhu a kariya, ba su iya hawanta. Kuma da zarar ka sauko ka shiga cikin unguwa, dakalin tafiyar ko dai babu, ko an kafa rumfa a kai, ko an ajiye mota, ko murfin kwatar ya karye.

Tun da aka janye tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, abin da minista ya kasa yi da wa'azi tsadar mota ta yi shi. Masu takawa sun ƙaru, kekunan da suka yi shekaru a bayan ɗaki sun fito. Akwai wani dattijo mai faci a unguwarmu da na san shi tun ina yaro, wanda a da yini yake yana gyangyaɗi a kan benci. Kwanakin baya na tsaya gaishe shi, na tarar da kekuna biyar a kife suna jiran layi. Wani saurayi mai kai burodi shaguna ya zo karɓar nasa, dattijon ya ɗauko wani tsohon faifan CD ya huda shi, ya ɗaure da waya a bayan sirdi yadda zai riƙa walƙiya in fitilar mota ta haska.

Saurayin ya ce, "Baba, nawa ne wannan?"

Ya ce, "Bar shi, ɗana. Ka dai riƙa bin gefe, kuma kada magariba ta same ka a babban titi."