Pancasila

pancasila (suna, mace, daga harshen Pali: panca, biyar, sila, kyakkyawar ɗabi'a). Alkawura biyar da gama-garin mabiya addinin Buda ke ɗauka don gyara zaman yau da kullum: barin kisa, sata, lalata, ƙarya da shan kayan maye. Na farkon ya fi faɗi, domin ya game duk mai rai, har sauron da ya sauka a hannu. Mutum ne ke ɗaure kansa da bakinsa, a nan nauyinsu yake. A Tailan da Siri Lanka malamin haikali mai mayafi ruwan goro kan karanto su, jama'a na maimaitawa, tafuka a haɗe. Ranar cikar wata masu himma kan ɗauki takwas, har da barin abinci bayan tsakar rana.