Waya Marar Turjiya da Maganaɗisun Na'urar MRI

Waya marar turjiya ita ce wadda lantarki ke bi ba tare da asarar ƙarfi ba, muddin an sanyaya ta matuƙa. Masanin ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes, ya gano hakan a 1911, da ya sanyaya zaiba zuwa digiri 269 ƙasa da sifili.

Da irinta ake naɗa maganaɗisun yawancin na'urorin MRI, a tsoma shi cikin ruwan hiliyam. Tsadar hiliyam da buƙatar tsayayyen lantarki na cikin dalilan da ke sa majinyacin Bodinga ko Shagari neman hoton a birni. A 1987 aka samo sinadaran da ruwan naitirojin mai araha ke iya sanyayawa. Rage tsadar wayarsu ake nema yanzu.