Daga Kundin Lanho zuwa Katin Zaɓe: Tarihin Rajista da Jefa Ƙuri'a a Zaɓen Ƙananan Hukumomi a Nijar

Gabatarwa

Kalmar ƙuri'a ta riga akwatin zaɓe zuwa ƙasar Hausa. Daga Larabci aka aro ta, kuma ma'anarta ta fari ita ce abin da ake jefawa domin raba gardama tsakanin mutanen da haƙƙinsu ya zo daidai, kamar wajen rabon gado ko kason naman watanda. Shi ma zaɓe ba baƙo ba ne a tsarin sarauta. A Maraɗi manyan hakimai huɗu, watau Galadima da Ƙaura da Durɓi da Ƴandaka, su ke da ta cewa wajen fitar da Sarkin Katsina, a Tsibiri kuwa aikin na Taran Gobir ne. Abin da ya zo sabo a ƙarni na 20 shi ne a ce talaka, namiji ko mace, yana da murya ɗaya daidai da ta basarake. Amma muryar nan ba ta fita sai sunan mai ita yana rubuce cikin kundi. Saboda haka tarihin zaɓen ƙananan hukumomi a Nijar, tun kafin ya zama tarihin jam'iyyu, tarihi ne na wanda ke rubuta suna da wanda ke riƙe da kati.

1. Zamanin zaɓen ƴan gata, 1946 zuwa 1956

Kundin farko da Turawan Faransa suka rubuta sunayen mutanen Nijar a ciki na haraji ne, wanda jama'a ke kira lanho. Kumandan ko wakilinsa kan zagaya ƙasa, a tara mutanen gari a gaban mai gari, a rubuta kowane magidanci da matansa da ƴaƴansa da dabbobinsa. Daga wannan kundi ake yanka haraji, daga cikinsa kuma ake ɗibar samari zuwa soja da aikin tilas. Don haka shiga kundi ba abin murna ba ne a wancan zamani. Mai dabara shi ne wanda ya ɓoye ɗansa ranar ƙidaya.

A shekarar 1946 al'amura suka soma juyawa. A watan Afrilu aka soke aikin tilas, a watan Mayu dokar da ke ɗauke da sunan Lamine Guèye ta mai da mutanen ƙasashen mallaka ƴan ƙasa, kuma a wannan wata ne aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai. A ƙarshen shekarar aka zaɓi majalisar ƙasa ta farko, mai kujeru 30. Masu zaɓe rukuni biyu ne: na farko na masu bin dokar zaman jama'a ta Faransa, galibinsu Turawa, da kujeru 10, na biyu na ƴan ƙasa, da kujeru 20. Watau ƴan tsirarun mazauna bariki sun riƙe sulusin majalisar.

Ko a rukuni na biyun ma ba kowa ke shiga ba. Dokar watan Oktoba ta 1946 ta jera waɗanda suka cancanta: sarakuna da manyan gari, ma'aikatan gwamnati, tsofaffin sojoji, ƴan kasuwa masu biyan kuɗin lasisi, da masu takardar tuƙin mota ko ta farauta. A 1947 aka ƙara da masu iya karatu da Faransanci ko da Larabci, abin da ya buɗe ƙofa ga malaman zaure. A watan Mayu na 1951 aka sake faɗaɗa ta, aka shigar da magidanta masu biyan haraji, da matan da suka haifi ƴaƴa biyu rayayyu ko waɗanda suka mutu a yaƙin Faransa. Ta haka mace ta fara shiga rumfar zaɓe da yawa a ƙasar, ba don kanta ba, sai albarkacin haihuwa.

Dokar 1951 ita ce ta ɗaure kundin zaɓe a jikin kundin lanho, domin ba inda za a san magidanci mai biyan haraji sai can. Kuma da yake akasarin mutanen karkara ba su da takardar haihuwa, katunan zaɓe kan bi hanyar da takardar haraji ke bi: daga kumandan zuwa sarkin kanto, daga sarki zuwa mai gari. Wanda ya raba kati kuwa ya san wanda ya ba da wanda ya hana. Sakamakon bai ɓuya ba. Jam'iyyar UNIS, wadda aka kafa a Maraɗi a 1948 da goyon bayan sarakuna da hukumar mulkin mallaka, ta raba Diori Hamani da kujerarsa ta majalisar Faransa a 1951, sa'an nan a zaɓen majalisar ƙasa na 1952 ta kwashe kusan dukkan kujeru 35 na rukuni na biyu.

2. Shekarar 1956 da magajin garin Yamai na farko

Dokar 23 ga Yuni 1956, wadda aka sani da sunan Gaston Defferre, ta rushe rukunan nan biyu, ta ba kowane namiji da kowace mace mai shekara 21 damar yin zaɓe. Kafin ita, dokar 18 ga Nuwamba 1955 ta sa Yamai cikin biranen da za su zaɓi majalisarsu da magajin garinsu da kansu, maimakon Bature ya shugabanci gari. A watan Nuwamba na 1956 aka yi zaɓen. Tsarin shi ne jama'a su zaɓi jerin sunayen jam'iyya, sa'an nan ƴan majalisar su zauna su fitar da magajin gari daga cikinsu. A wannan mataki na biyu ne jam'iyyar UDN ta Djibo Bakary ta haɗa kai da BNA, ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Tun daga ranar ƴan siyasar Nijar suka gane cewa zaɓen gari sau biyu ake cin sa, sau ɗaya a akwati, sau ɗaya a zauren majalisa.

Yadda ake jefa ƙuri'ar ya bi al'adar Faransa. Kowace jam'iyya da takardarta daban. Mai zaɓe ya nuna katinsa, a duba sunansa, ya ɗauki ambulan da takardun jam'iyyu, ya shiga bayan labule, ya sa wadda yake so a ambulan, ya fito ya jefa a akwati. Da yake masu karatun boko kaɗan ne, launi da alama su ke magana: giwa ta PPN-RDA ce, raƙumi na Sawaba. Sai dai wannan hanya tana da kafa. Takardun da mutum bai zaɓa ba suna iya fita tare da shi, kuma mai iko da shi yana iya cewa ya kawo su a gani, a san wadda ta rage a akwati. Labule yana rufe mutum daga idon ma'aikatan rumfa, amma ba ya rufe shi daga idon wanda zai koma gida ya tarar.

A zaɓen 31 ga Maris 1957, na farko da kowa da kowa ya shiga domin majalisar ƙasa, ɓangaren Djibo Bakary ya sami kujeru 41 daga cikin 60. Wata 18 bayan haka, a zaɓen raba-gardama na 28 ga Satumba 1958, da hukuma da yawancin sarakuna suka juya masa baya, masu cewa i suka rinjaya da kusan kashi 78 cikin 100, alhali waɗanda suka fito zaɓen ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba. Mutanen ƙasa ba su sake ba cikin wata 18. Hannun da ke kai su rumfa ne ya sake.

3. Akwati ba zaɓi, majalisa ba akwati, 1959 zuwa 1991

A watan Oktoba na 1959 aka haramta Sawaba, Nijar ta shiga mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960 da jam'iyya ɗaya. Dokar 17 ga Yuli 1964 ta raba ƙasa jihohi bakwai, Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram, ta kuma tanadi majalisu ga gundumomi da birane. Amma ragamar gunduma tana hannun jami'in da gwamnati ta naɗa, kuma a kowane zaɓe jerin sunaye ɗaya ne, wanda shugabannin PPN suka tsara. Kati yana nan, akwati yana nan, ambulan yana nan, takarda ce dai guda ɗaya. Fitowa zaɓe ta zama nuna biyayya.

Juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 ya kawar da wannan. Seyni Kountché ya rushe majalisu, daga baya ya gina tsarin da aka kira ƙungiyar ci gaban ƙasa a bisa ginshiƙai biyu, Samariya da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma. Majalisun suka taso hawa-hawa daga ƙauye zuwa kanto, zuwa gunduma, zuwa jiha, har majalisar ƙasa da aka kafa a 1983. Wakilan ƙauye a dandali ake fitar da su, bisa shawara da yardar manya, ba kati ba labule. Mutanen karkara sun sami wurin zama, amma a gaban idon mai gari da na hukuma. Da aka komo ga akwati a 1989, zamanin Ali Saibou, jam'iyyar MNSD ce kaɗai a fage.

4. Doguwar hanya zuwa 2004

Babban taron ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya tabbatar da jam'iyyu da yawa. Yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 da ƴan tawayen arewa ta ƙara matsa lamba a miƙa wa yankuna ikon tafiyar da harkokinsu. An gwada ranar 7 ga Fabrairu 1999, zamanin Ibrahim Baré Maïnassara. An jefa ƙuri'a, amma wajen haɗa sakamako aka far wa wurare da dama, aka lalata takardu, kotun ƙoli ta ce a sake zaɓe a mazaɓu masu yawa, ƴan adawa suka ce an ƙwace musu nasara. Ranar 9 ga Afrilu aka kashe shugaban, zaɓen kuma ya bi ruwa gaba ɗaya.

Dokokin watan Yuni na 2002 suka yanka ƙasar ƙananan hukumomi 265, 52 na birni, 213 na karkara, akasarinsu bisa iyakokin kanto da rukunan makiyaya. Ranar 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi ƴan majalisa 3,747. Wannan ne karo na farko da manomin ƙauye ya zaɓi waɗanda za su yanke shawara a kan harajin kasuwarsa da rijiyar garinsa. Ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un kowane jeri, ƴan majalisa su zaɓi magajin gari kamar a 1956, sarakuna kuwa suna da kujera a zauren don ba da shawara, ba su da ƙuri'a. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta wajabta kada wani jinsi ya gaza kashi 10 cikin 100 na zaɓaɓɓu. An ɗaga shi zuwa 15 a 2014, sa'an nan 25 a 2019.

An toshe wasu tsofaffin kafofi. Hukumar zaɓe mai zaman kanta, CENI, ta karɓi aikin shirya zaɓe. Ana kafe jerin sunaye domin mai ƙorafi ya yi. Ana shafa wa yatsa tawadar da ba ta fita da wuri. Ana ƙirga ƙuri'u a rumfa a gaban wakilan jam'iyyu, su sa hannu a takardar sakamako. Wanda tafiya ko ciwo ya hana, doka ta yarda ya wakilta wani da takarda. Amma tsohuwar matsala ba ta gushe ba: miliyoyin mutane ba su da takardar shaida. Magani biyu aka yi mata. Na farko shi ne alƙalai su fita ƙauyuka su yi zama a fili, su ba da takardar da ke maye gurbin ta haihuwa. Na biyu shi ne zaɓe da shaidu, inda mutum biyu za su tabbatar da cewa wane ne wane. Wannan hanya ta ba talaka dama, ta kuma mai da shi hannun wasu. A zaɓen ƙasa na 2016 ta jawo gardama mai zafi, domin ta shafi mutane wajen miliyan ɗaya da rabi.

Bayan zaɓen 11 ga Janairu 2011 an yi ta ƙara wa majalisu wa'adi, har sai 13 ga Disamba 2020. A wannan karo aka fara aiki da kundin na'ura: kowa ya je da ƙafarsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi kati mai fuskarsa. An yi wa mutane wajen miliyan 7.4 rajista, ko da yake rashin tsaro ya hana aikin isa wasu garuruwan jihohin Tilaberi da Tawa.

Kammalawa

Cikin shekara 74, daga 1946 zuwa 2020, sunan mai zaɓe ya tashi daga layi guda a ƙarƙashin sunan magidanci cikin kundin lanho, ya zama kati mai hoto a aljihun mai shi. Tsohuwar hanyar ba ta mutu ba, domin magidantan da ke cikin kundin ƙidaya su ne doka ta bar wa zaɓen mai gari, masu gari kuma su zaɓi sarkin kanto. Kati kuwa, komai ingancinsa, ba ya aiki sai an kira zaɓe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, a watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun da aka zaɓa a 2020, suka naɗa jami'ai a madadinsu, shekara 50 daidai bayan Seyni Kountché ya rushe na zamaninsa.