Yadda Kwana 28 Suka Daina Zama Maganin Kowa

A shekarar 1949 aka buɗe wani gida a bakin tafki kusa da garin Center City, a jihar Minnesota ta Amurka, aka sa masa suna Hazelden. Mashaya giya ake kwantarwa a ciki. Daga wannan gida da asibitin gwamnati na Willmar aka samo tsarin da ya game ƙasar: a killace mutum kimanin kwana 28, ya saurari lacca, ya zauna da masu fama da irin larurarsa, ya bi matakai 12 na ƙungiyar Alcoholics Anonymous. Kuɗin goro aka yi wa kowa. Da wanda ya shekara 20 cikin maye, da wanda ya tsunduma bara, kwanakinsu ɗaya.

Kuɗi ne suka fara girgiza wannan tsari. Wajen ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin inshora suka gaji da biyan kuɗin gado, kowanne ya fito da nasa ma'aunin. Likita ya ce a kwantar, kamfani ya ce a sallama, majinyaci na tsakiya.

Don raba wannan gardama, a 1991 ƙungiyar likitocin shaye-shaye ta Amurka, ASAM, ta haɗa ma'aunin da aka tsara a Cleveland da na wata ƙungiyar cibiyoyin jinya, ta fitar da littafi guda. A wancan bugu na farko, ta fuska shida ake duba mutum. Za a ga ko jikinsa zai rikice idan ya tsaya cak, domin barin giya farat ɗaya kan jawo farfaɗiya, har ma da ajali. Za a duba sauran cututtukan jiki, da lafiyar ƙwaƙwalwa, da ko ya shirya dainawa, da haɗarin komawa ruwa. Ta shidan ita ce aka daɗe ana mantawa: wane gida zai koma? Wanda abokin kwanansa dillalin ƙwaya ne ba ɗaya yake da mai iyali tsayayyu ba, ko da abin da suke sha iri ɗaya ne.

Amsoshin ne ke nuna matakin, daga na 1, inda mutum ke zuwa ganin likita ya koma gida, zuwa na 4, gadon asibiti da likita a kansa kullum. Dakta David Mee-Lee ya daɗe yana jagorantar gyaran littafin, an kuma sake shi a 1996, 2001 da 2013. Bugu na huɗu, na 2023, ya cire shirin dainawa daga jerin shidan, ya sa a wurinsa abubuwan da ke hana mutum kaiwa ga magani da zaɓin shi majinyacin.